Patrick Henry: yadda mai shagon da ya karye ya zama lauya, ɗan majalisa da gwamnan Virginia na farko

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin shari'a ne. A darasin tarihin tsarin mulki muka gamu da sunan Patrick Henry na Amurka, wanda ake jingina wa maganar nan ta "ko 'yanci ko mutuwa". Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce bai taɓa shiga jami'a ba, 'yan makonni kawai ya yi yana karanta littattafan doka aka ba shi lasisi, amma ya yi gwamnan Virginia har sau biyar. Ta yaya haka ta yiwu? Wane irin iko gwamna yake da shi a lokacin? In kuma ɗan gwagwarmayar 'yanci ne, me ya sa ya yi adawa da kundin tsarin mulkin Amurka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tambayoyinka uku ne, amma tushensu ɗaya. Ƙarfin Patrick Henry a bakinsa yake, a gaban kotu da cikin zauren majalisa. Kujerar gwamna da ta fi ɗaukar hankalinka ita ce mafi ƙarancin iko cikin duk kujerun da ya zauna.

An haife shi ranar 29 ga Mayu, 1736, a gundumar Hanover ta Virginia, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Ingila. Mahaifinsa John Henry mutumin Aberdeen ne a Sikotilan, ya yi jami'a a can, kuma shi ya koyar da ɗan nasa a gida. Mahaifiyarsa takan tafi da shi sauraron Samuel Davies, wani mai wa'azin Kirista da ya yi suna wajen iya magana, a hanyar komawa gida ta sa shi ya maimaita mata abin da ya ji. Yana ɗan shekara 16 aka buɗe musu shago shi da wansa William, bashi ya cinye jarin. Ya yi aure a 1754, surukinsa ya ba su gona mai eka 300 da bayi 6. Gonar ta gaji, gidan kuma ya ƙone a 1757. Shago na biyu ma ya karye. Sai ya koma masaukin baƙi na surukinsa yana taya hidima, masaukin kuwa yana tsallaken hanya daga kotun Hanover. Duk ranar zaman kotu, a nan lauyoyi da masu ƙara suke sauka, suna ci suna muhawara a gabansa.

Batun lasisi kuwa, kada ka auna shi da ma'aunin yau. A 1760 babu makarantar lauyoyi ko ɗaya a Amurka. Sai a 1779 aka naɗa farfesan shari'a na farko a kwalejin William and Mary. Hanyoyi uku ne a lokacin: 'ya'yan masu hali su tafi Landan, wasu su zauna a ofishin wani babban lauya shekara da shekaru kamar yadda Thomas Jefferson ya yi a wajen George Wythe, wasu kuma su karanta da kansu. Ko ta wace hanya mutum ya bi, ƙarshenta sai ya je Williamsburg, babban birnin ƙasar, manyan lauyoyi su yi masa tambayoyi baki da baki su sa masa hannu. Henry ya je a watan Afrilun 1760, cikin masu jarrabawar akwai George Wythe da 'yan'uwan nan biyu, Peyton da John Randolph. Ya tsallake da kyar, don saninsa na ƙa'idojin doka bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya cece shi shi ne irin kotunan da ya fara aiki a cikinsu. Kotun gunduma sau ɗaya take zama a wata, alƙalanta manyan manoma ne na yankin waɗanda su ma ba su karanci doka ba, kuma akasarin ƙararrakin na bashi ne. Mutumin da shago biyu suka karye a hannunsa ya san bashi ciki da bai. Littattafan da yake rubuta kuɗin aikinsa sun nuna ya riƙe ƙararraki fiye da 1,000 a shekaru uku na farko. Ke nan da aiki ya cike giɓin karatun.

Shari'ar da ta fito da shi ita ce ta limaman coci a 1763, kuma a matsayinka na ɗalibin shari'a ita ya kamata ka fi tsayawa a kai. A Virginia ta wancan zamani taba ita ce kuɗi. Doka ta yanka wa kowane limamin cocin Angilika, wanda shi ne cocin gwamnati, laba 16,000 na taba a shekara. A 1758 aka yi fari, taba ta yi wuya, farashinta ya tashi daga kwabo 2 kan laba zuwa wajen sisi, wato kwabo 6. Lissafin irin na fam da sule da kwabo ne da iyayenmu suka yi amfani da shi a Najeriya kafin 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Majalisar Virginia ta yi dokar shekara ɗaya, cewa duk wanda ake bin sa taba yana iya biya da kuɗi a kan kwabo 2. Yi lissafin da kanka. Laba 16,000 a kan kwabo 2 fam 133 ne da 'yan kai, a kan sisi kuwa fam 400 ne. Limamai suka kai kuka Landan, majalisar sarki ta soke dokar a 1759, wasunsu suka shiga kotu neman cikon albashinsu.

Ɗaya daga cikinsu, James Maury, ya shigar da tasa ƙarar a Hanover. A watan Nuwamban 1763 kotu ta yanke cewa dokar ba ta da inganci tun daga ranar da aka yi ta. Ta fuskar doka an gama, Maury ya ci. Abin da ya rage shi ne juri, wato mutum 12 daga cikin jama'ar gari, su faɗi nawa za a biya shi. Lauyan waɗanda ake ƙara ya ga babu sauran abin yi ya janye, sai aka ɗauko Henry. Ranar 1 ga Disamba aka zauna, mahaifinsa ne ma yake shugabantar alƙalan. Lauyan Maury, Peter Lyons, ya kawo fataken taba biyu suka shaida cewa farashin ya kai sule 50 kan laba 100, ya zauna yana jiran a buga lissafi.

Henry bai musa lissafin ba. Ya yi kusan awa ɗaya yana magana a kan wanda yake da hakkin yi wa mutanen Virginia doka. Ya ce dokar kwabo 2 an yi ta ne don ceton talakawa a shekarar fari, kuma sarkin da yake soke irin wannan doka ya tashi daga uban jama'a ya zama azzalumi, ba ya da sauran hakkin a yi masa biyayya. Lyons ya miƙe ya ce wannan cin amanar ƙasa ne, alƙalai suka bar Henry ya ci gaba. Juri suka fita, ba su cika minti biyar ba suka dawo suka ce a biya Maury kwabo ɗaya. Lyons ya nemi a sake shari'a, kotu ta ƙi.

Darasin a nan shi ne rabon aiki tsakanin alƙali da juri a tsarin shari'ar Ingila: alƙali ya faɗi doka, juri su faɗi adadin diyya. Henry ya gane cewa wanda ya sha kaye a mataki na farko yana iya kwashe komai a na biyu. Akwai kuma abin da Maury ya koka da shi a wasiƙarsa bayan shari'ar, cewa cikin jurin an sa mutanen da ba mabiya cocinsa ba ne, waɗanda dama suna jin haushin biyan harajin cocin. A ganina kukan nasa yana da tushe. Hukuncin ya yi wa jama'a daɗi, amma ba a kan shaidar da aka gabatar aka gina shi ba, kuma lauya mai gaskiya ya kamata ya riƙe duka biyun a ransa.

Daga nan hanyar majalisa ta buɗe. An rantsar da shi wakilin gundumar Louisa ranar 20 ga Mayu, 1765, daidai lokacin da majalisar Birtaniya ta ƙaƙaba wa Amurkawa harajin kan sarki a kan takardun kotu, jaridu, lasisi har da katin karta. Kwana tara da shigarsa ya gabatar da ƙudurori cewa majalisar Virginia ce kaɗai take da ikon sa wa mutanenta haraji. Lura da lokacin da ya zaɓa: zaman ya zo ƙarshe, yawancin wakilai sun koma gonakinsu, 39 ne kawai suka rage cikin 116. Ƙudurori biyar suka wuce, na biyar wanda ya fi zafi da ƙuri'a 20 da 19. Da Henry ya hau dokinsa ya tafi gida, dattawan majalisa suka soke na biyar ɗin. Amma daga baya jaridun sauran yankuna suka buga ƙudurorin, har da waɗanda majalisa ba ta amince da su ba, kamar duka sun wuce. Wannan ya zaburar da sauran yankunan, kuma an janye harajin a 1766.

Jawabin "ko 'yanci ko mutuwa" ya yi shi ne ranar 23 ga Maris, 1775, a cocin St. John da ke Richmond, yana neman a shirya mayaƙan sa-kai. Ka yi hattara da shi in za ka kawo shi a rubutu. Babu wanda ya rubuta jawabin a ranar. Lafazin da ake karantawa yau William Wirt ne ya harhaɗa shi a tarihin Henry da ya wallafa a 1817, shekara 42 bayan aukuwar abin, daga tunanin dattawan da suka halarta. Abin da yake tabbatacce shi ne ƙudurin ya wuce, kuma waɗanda suka ji jawabin ba su manta da shi ba har tsufansu. Wata ɗaya bayan haka gwamnan sarki, Dunmore, ya kwashe albarushin da ke rumbun Williamsburg cikin dare. Henry ya ja mayaƙan Hanover suka nufi birnin, bai juya ba sai da aka biya fam 330 kuɗin albarushin. An naɗa shi kwamandan sojojin Virginia, amma kwamitin da ke tafiyar da yaƙin bai yarda da ƙwarewarsa ba, ya tura William Woodford fagen daga maimakonsa. Henry ya ajiye muƙamin a Fabrairun 1776. Soja ba fanninsa ba ne.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Mutanen da suka rubuta kundin tsarin mulkin Virginia a Yunin 1776 sun sha wuya a hannun gwamnonin sarki, waɗanda suke rushe majalisa duk lokacin da ta ɓata musu rai. Saboda haka da gangan suka ɗaure gwamna hannu da ƙafa. Jama'a ba sa zaɓensa, majalisun dokoki biyu ne suke haɗuwa su zaɓe shi. Wa'adinsa shekara ɗaya ne. Ba ya wuce wa'adi uku a jere, in ya sauka kuma sai ya yi shekara huɗu a waje kafin ya sake tsayawa. Ba ya da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan doka, ba ya rushe majalisa, manyan alƙalai ma majalisa ce take naɗa su. Duk wani muhimmin mataki sai da shawarar majalisar mashawarta ta mutum 8, su ma majalisar dokoki ce take zaɓensu. Henry da kansa ya yi jayayya cewa a ba gwamna ikon ƙin sa hannu, aka ƙi. Ranar 29 ga Yuni aka zaɓe shi da ƙuri'a 60, abokin takararsa Thomas Nelson ya sami 45.

To ka ga "sau biyar" ɗin shekara biyar ke nan: uku daga 1776 zuwa 1779, biyu daga 1784 zuwa 1786. Aikin wa'adin farko kusan duka na neman kayan yaƙi ne: cike adadin sojojin da aka yanka wa Virginia, neman gishiri da takalma da albarushi, da tura shanu ga sojojin George Washington lokacin da yunwa ta kama su a sansaninsu na Valley Forge. Kuɗin takarda yana ta faɗuwa, mutane suna gudun shiga soja, gwamna kuma ba ya iya tilasta komai sai ya koma majalisa. A farkon 1778 wata wasiƙa marar sa hannu ta iso masa tana neman ya goyi bayan a sauke Washington daga shugabancin soja. Ya aika wa Washington ita kai tsaye, kuma wannan ya ƙulla amana tsakaninsu har mutuwa.

Mataki mafi girma da ya ɗauka shi ne na George Rogers Clark, wani jagoran mayaƙa daga yankin Kentucky. Ranar 2 ga Janairu, 1778, ya ba Clark takardun umarni guda biyu. Ta fili ta ce ya tara mayaƙa don kare Kentucky. Ta sirri ta ce ya kai hari sansanonin Birtaniya a yankin Illinois. An ba shi fam 1,200 da izinin tara rukuni 7 na mutum 50 kowanne, amma bai sami ko mutum 200 ba, wani ɓangare saboda ɓoye manufar ya sa wasu suka gudu da suka ji inda za a nufa. Duk da haka ya kama Kaskaskia ranar 4 ga Yuli, 1778, ya kama Vincennes a Fabrairun 1779. A gefe guda kuma, a watan Mayun 1779 jiragen ruwan Birtaniya suka shigo Portsmouth suka ƙone Suffolk, babu wata rundunar kirki da ta tare su. Raunin kujerar ya fito fili a nan, ya kuma fi fitowa a zamanin magajinsa Jefferson.

Tsakanin wa'adin biyu ya koma majalisa, a can ne ikonsa na gaske yake. A 1784 ya kawo shawarar a sa haraji don tallafa wa malaman addinin Kirista, kowa ya zaɓi cocin da kuɗinsa zai tafi. Wani ɗan majalisar, James Madison, ya yi adawa. Ana cikin haka aka zaɓi Henry gwamna, ya bar zauren, shawarar ta rasa mai kare ta. A Janairun 1786 majalisa ta amince da dokar 'yancin addini da Jefferson ya rubuta, wadda ta raba gwamnati da coci. Wato ɗaga shi zuwa kujerar gwamna rage masa ƙarfi ya yi.

Tambayarka ta uku tana da amsa a cikin abin da ya gabata. Mutumin da ya yi suna da yaƙar gwamnati mai nisa da ke sa haraji, ya ga sabon kundin 1787 yana kafa wata irinta. Akwai kuma dalili na kusa: a 1786 John Jay, mai kula da harkokin waje, ya nemi a bar wa Sifen zirga-zirgar kogin Mississippi na shekara 25 zuwa 30 don samun ribar ciniki ga jihohin arewa. Manoman yammacin Virginia da Kentucky ta wannan kogi suke fatan fitar da amfaninsu. Henry ya ɗauki wannan a matsayin shaida cewa arewa za ta sayar da kudu in ta sami rinjaye. An zaɓe shi ya je taron Philadelphia inda aka rubuta kundin, ya ƙi zuwa.

A taron amincewa da kundin na Virginia a Yunin 1788 maganganunsa sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk muhawarar, kuma wannan karon akwai mai rubutawa, David Robertson, don haka a nan za ka ji muryarsa ta gaskiya. Ya tambaya wa ya ba mutanen Philadelphia izinin cewa "mu jama'a" maimakon "mu jihohi". Ya ce shugaban ƙasa mai riƙe da soja yana iya rikiɗa ya zama sarki, kuma babu inda kundin ya kare 'yancin addini, na jarida, ko shari'ar juri a ƙararrakin da ba na laifi ba. Ya sha kaye da ƙuri'a 89 da 79 ranar 25 ga Yuni, amma taron ya haɗa da shawarar gyare-gyare 40. Daga baya ya yi amfani da rinjayensa a majalisa ya hana Madison kujerar sanata, aka kuma shata masa mazaɓar majalisar wakilai mai wuya inda ya kara da James Monroe. Madison ya ci, bayan ya yi wa masu zaɓe alkawarin kawo gyare-gyare. Guda 10 na farko, waɗanda suka tabbatar da hakkokin ɗan ƙasa, sun fara aiki ranar 15 ga Disamba, 1791. Madison ne ya rubuta su, matsin lambar su Henry ce ta sa aka yi su da wuri haka. Henry kansa bai gamsu ba, don gyaran da ya fi so, na rage wa tarayya ikon haraji, bai shiga ba.

Bashi ya sa ya koma aikin lauya bayan 1786. Shi da lauya John Marshall suka kare 'yan Virginia da fataken Birtaniya suke bi bashin kafin yaƙi, a kotun tarayya ta Richmond a 1791 da 1793. Kotun Ƙoli ta ba fataken gaskiya a 1796. Washington ya yi masa tayin sakataren harkokin waje da na babban jojin ƙasa, ya ƙi duka. A 1799, bisa roƙon Washington, ya sake tsayawa takarar majalisar jiha ya ci, amma ya rasu ranar 6 ga Yuni a gidansa na Red Hill kafin majalisar ta zauna, yana da shekara 63. Ya haifi 'ya'ya 17 da mata biyu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma amsar ba ta cika sai da shi. Mutumin da ya yi ta kiran mulkin Ingila bauta, shi kansa mai bayi ne tun daga ranar aurensa. A wasiƙarsa ta 18 ga Janairu, 1773, zuwa ga Robert Pleasants, wani mai fafutukar 'yanta bayi, ya amsa cewa bautar da mutum ta saɓa wa addini da hankali, ya ce wahalar rayuwa ba tare da bayi ba ce take jan sa, kuma ba zai iya kare abin da yake yi ba. A zamanin gwamnatinsa, a 1778, Virginia ta haramta shigo da bayi daga waje. Amma a taron 1788 ɗaya daga cikin hujjojinsa na ƙin kundin shi ne gwamnatin tarayya tana iya 'yanta bayin Virginia wata rana. Tun 1782 dokar jihar ta ba mai bayi damar 'yanta su, Pleasants ya yi, Washington ma ya yi a wasiyyarsa. Henry ya rasu da bayi 67 a Red Hill, wasiyyarsa kuma ta raba su tsakanin matarsa da 'ya'yansa tare da filaye da dabbobi.